Rumfar Leda a Legas: Tambayoyinku da Amsoshinsu

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina noman tumatir da attaruhu a gefen Ikorodu. Na ga yadda ake rufe shuka da leda ruf har ƙasa, ni ma na gwada a kwami biyu. Ba a yi mako ba ganye ya yi yaushi, fure ya zube. Ina matsalar take? (Mai lambu daga Ikorodu)

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Zafi ne ya yi maka wannan ɓarna. Rumfar da ka kwaikwaya ta ƙasashen sanyi ce, irin su Ingila da Holan, inda ake rufe shuka don a tara mata ɗumi. Legas kuwa ɗumi har ya yi mata yawa. Da rana zafin garin nan yakan kai digiri 30 zuwa 33, idan kuma aka toshe iska da leda, cikin rumfar kan haura digiri 40 kafin azahar. Shi tumatir, muddin zafi ya wuce digiri 32 zuwa 35 ya daɗe a haka, furensa ba ya ƙulla ɗa, bushewa yake ya faɗo. Ga kuma gumin da ke taruwa a jikin ledar da dare. Idan ka leƙa da asuba za ka ga yana ɗiga kan ganye, kuma jiƙaƙƙen ganye a wurin da iska ba ta wucewa shi ne abin da cutar fumfuna ke nema.

A Legas leda lema ce kawai. Aikinta ta tare ruwa mai ƙarfi na Yuni da Yuli, da wanda ke dawowa a Satumba da Oktoba, ruwan da ke kakkaɓe fure, ya fantsama ƙasa mai cuta a kan ganye, ya wanke taki. Don haka sama za ka rufe, gefe da gaba da baya ka bar su a buɗe. Tunda tumatir mai tsayi ne, ƙaramar rumfa ba ta ishe shi ba. Yi wadda mutum zai shiga a tsaye: tsakiyarta mita 3, gefenta mita 2, faɗinta kada ya wuce mita 4 zuwa 5, tsawonta kuma kada ka kai shi fiye da mita 15, domin doguwar rumfa tana riƙe zafi a tsakiya. Yanzu dai yaye ledar gefen tun yau, ka tsinke ganyen da ya ruɓe. Attaruhun zai iya farfaɗowa.

Tambaya: Ina da fili a bayan gida, bai fi mita 5 ba. Ina son yin latas da alayyaho, in kuma rene irin dashe. Yaya zan haɗa ƙaramar rumfa ba tare da kashe kuɗi da yawa ba? (Uwargida daga Agege)

Amsa: Hajiya, mu fara da abin da zai rage miki kashe kuɗi. Alayyaho da lalo da ugu ba sa bukatar leda, suna yi da kyau a fili ko da damina. Latas da irin dashe su ne ruwa ke wahalarwa, su za ki rufe.

Ki ɗaga kwami mai faɗin mita 1.2, tudunsa santimita 20 zuwa 25, ki haƙa masa hanyar ruwa a kowane gefe, domin ruwan da zai gangaro daga ledar sai ya sami inda zai bi. Ki sa a yanka miki rodi mai milimita 12 gida 12, kowane yanki santimita 50. A kafa su biyu-biyu suna fuskantar juna, tazarar mita ɗaya, a bar santimita 20 a waje. Sai fayif ɗin roba na ruwa mai milimita 20 guda 6, kowanne mita 2.5. A zura bakinsa ɗaya a rodin nan, a lanƙwasa shi a zura ɗaya bakin a rodin can. Zai ba ki baka mai tsayin kusan mita ɗaya. A ɗaure gora doguwa a saman bakunan ta haɗe su, in ba haka ba ruwa zai yi kwari a tsakaninsu, ledar ta lotsa har ta yage.

Ledar ce wurin da ba a yin rowa. Wadda magina ke shimfiɗawa ko ta ƙunshe kaya, rana na cinye ta cikin 'yan watanni, ta dagargaje ta cika miki ƙasa. Ki nemi ta rumfar shuka a wajen masu kayan noma, mai kaurin maikiron 200 (wato milimita 0.2) wadda aka yi mata maganin rana. Ita takan yi shekara uku zuwa huɗu. Faɗin mita 1.5 ya isa, zai bar rabin mita a buɗe ta kowane gefe. Kada ledar ta kwanta kai tsaye a kan fayif, domin robar fayif tana sa ta saurin lalacewa a inda suka haɗu. A naɗe fayif ɗin da tsumma ko a shafa masa farin fenti. Daga ƙarshe a gilma igiya a samanta daga turke zuwa turke, a ja sosai. Iskar farkon damina a Maris da Afrilu ledar da ke kaɗawa take fara ɗauka.

Irin dashe a shayar da shi da safe kawai. Ruwan yamma kan sa gindinsa ya sirance ya ruɓe ya kife. Tumatir yana isa dashe a mako uku zuwa huɗu, attaruhu da tattasai mako biyar zuwa shida. Daga Disamba zuwa Maris ki cire ledar ki naɗe ta a inuwa, ki maye gurbinta da ragar inuwa ko ganyen kwakwar manja saboda latas.

Tambaya: Tumatir ɗina yana ƙarƙashin rumfa, ruwa bai taɓa shi ba, amma sai in ga tsiro lafiyayye da safe, da yamma ya langaɓe da ganyensa kore shar. Na yi feshi bai yi ba. (Mai lambu daga Ojo)

Amsa: Malam, dakatar da feshin, asarar kuɗi ce. Alamun da ka faɗa na cutar ƙwayar bakteriya ne da ke zaune cikin ƙasa, wadda ke shiga ta saiwa ta toshe hanyar ruwa a cikin kara. Tana da yawa a ƙasar kudu mai ɗumi da danshi, kuma leda ba ta tare abin da ke ƙasa. Ga yadda za ka tabbatar: yanko karan kusa da gindi, ka tsoma bakin yankan cikin ruwa a kofin gilashi, kada ka motsa. Cikin 'yan mintuna, idan ita ce, za ka ga wani farin zare-zare kamar madara yana sauka daga karan.

Tsiron da ya kamu ba ya warkewa. Tuge shi da ƙasar gindinsa ka kai nesa ka ƙone, ka wanke wuƙa da fartanya. Kada ka maimaita tumatir ko attaruhu ko tattasai ko yalo a wurin har shekara uku zuwa huɗu, duk dangi ɗaya ne. Idan ba ka da wani fili, koma buhu. Buhu mai cin lita 20, a huda gindinsa, a zuba ƙasa kashi biyu, takin da ya ruɓe sarai kashi ɗaya, buntun shinkafa da aka babbaka kashi ɗaya. A ɗebo ƙasar daga inda ba a taɓa yin kayan miya ba, a turara ta a durum kamar awa ɗaya. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, a kiyaye. Jera buhunan a kan bulo ko shimfiɗar leda, tazarar santimita 50, don kada saiwa ta fito ta taɓa ƙasar wurin.

Tunda ka tare ruwan sama, shayarwa ta koma wuyanka. Babban tsiro yana shan lita ɗaya zuwa biyu a rana, a gindi ba a ganye ba, kuma a kan lokaci. Yau ƙishi gobe ambaliya shi ke sa gindin ɗan tumatir ya yi baƙi. Rijiyoyin da ke kusa da teku da lagun (tafkin da ke haɗe da teku) wasu suna da gishiri, kuma a ƙarƙashin leda ba ruwan saman da zai wanke shi. Idan ka ga fari-fari a saman ƙasar buhu, tari ruwan da ke sauka daga rumfar a durum ka riƙa shayarwa da shi.

Tambaya: Na zagaye rumfata da gidan sauro saboda ƙwari. Kokwamba tana fure amma ba 'ya'ya, farin ƙuda kuma bai daina shiga ba. (Ɗalibi daga Idi-Araba)

Amsa: Ɗan'uwa, idon gidan sauro ya yi wa farin ƙuda (ɗan ƙaramin farin ƙwaron nan mai tsotsar ganye) faɗi, amma ya hana ƙudan zuma shiga, kokwamba kuwa sai da shi take ƙulla ɗa. Ko dai ka ɗage ragar daga asuba zuwa hantsi, ko ka tsinko namijin fure ka goga a kan macen, wadda ke da ɗan ƙaramin ɗa a bayanta. Akwai kuma irin kokwambar da aka yi don rumfa, ba ta bukatar wannan, ka tambayi masu sayar da iri. Ragar da ke tare farin ƙuda ita ce mai ƙananan ido sosai da ake kira lamba 50, sai dai tana rage iska ƙwarai, don haka ba ta dace da gajeriyar rumfa ba. A rumfarka, rataya katin gam mai ruwan ɗorawa daidai saman ganye, ka riƙa duba bayan ganyen sau biyu a mako.