Tambaya da Amsa: Wai ya akai suka yi rawa tare alhali kowa na ɗakinsa?

TAMBAYA: Salam Anti, ni malamar firamare ce daga Zariya. Ƙanwata ce ta turo min wani bidiyo na lokacin korona, ɗalibai da malamansu suna rawa kowa a gidansa, an yanka allon gida-gida amma duk lokaci ɗaya suke ɗaga ƙafa. Wai ta Zoom suka yi? Don mu ko karatu ta Zoom ɗin gagararmu yai.

AMSA: Wa'alaikumus salam Malama, ai ba ku kaɗai ya gagara ba. Zoom bai iya wannan aikin, sauti na makara a hanya, kafin kiɗa ya iso wayarki wani har ya juya. Abin da ake yi shine a tura wa kowa kiɗa guda, ya sa a kunne ya jingina waya da littattafai ko tukunya ya ɗauki kansa, wasu ma sai sun tafa hannu sau ɗaya a farko, wannan tafin mai haɗa bidiyon zai kama ya jera su a kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, kuma wallahi nan wahalar take, ba a rawar ba.

Haka makarantar koyon kiɗa da rawa ta Juilliard da ke New York a Amurka tai a Afrilun 2020, mutum sama da 100, ɗalibai da malamai da tsofaffin ɗalibai. Sun ɗauki kiɗan Bolero na Ravel, wani Bafaranshe mai tsara kiɗa, kuma ni dai ina ganin da gangan ne, don gangar cikinsa bugu ɗaya take maimaitawa tun farko har ƙarshe, mai rawa a kicin ba zai ɓata lissafi ba.

Amma cikin bidiyon rawa na lokacin korona, wanda ya fi tsaya min a rai na Legas ne, duk da shi na mutum ɗaya ne. A Yunin 2020 aka ɗauki Anthony Madu, ɗan shekara 11, yana rawar bale (ballet, rawar Turawa ta juyi a kan yatsun ƙafa) ba takalmi, ruwan sama na zuba, simintin duk ya jiƙe yana juyi a kai. Malaminsa Daniel Ajala shi kansa a YouTube ya koya. Daga baya yaron ya samu gurbin karatu a makarantar rawar bale ta Elmhurst da ke Birmingham a Ingila.

In za ki gwada da ƴan ajinki, ko da waƙar gaɗa ce, kowa ya riƙe waya a kwance, ya fuskanci taga kar ya ba ta baya, sannan ki fara neman izinin iyaye kafin ki ɗora fuskar ɗan kowa a intanet.