Tambaya da Amsa: Wa ya cancanci karramawa a ƙungiyar wasan kwaikwayo?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ce sakatariyar wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta 'yan sa-kai, wadda ba a biyan kowa albashi a cikinta. A baɗi za mu cika shekara 30, kuma kan 'yan kwamitinmu ya rabu. Wasu sun ce a karrama shugabanmu shi kaɗai, tunda shi ya kafa ƙungiyar kuma har yau shi ke jan ragamarta. Wasu sun ce ba adalci ba ne a manta da wata dattijuwa da ta shekara 26 tana ɗinka mana kayan wasa, da wani malami mai kula da fitilu da sauti, waɗanda ba su taɓa hawa dandamali ba. Akwai kuma masu son a yi amfani da bikin a nuna wa shugaban cewa lokacin saukarsa ya yi. Mene ne shawararku? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malama. Abin da ya raba kan kwamitinku shi ne kun haɗa abubuwa biyu a ma'auni ɗaya, alhali kowannensu da irin awonsa. Daɗewa ana hidima abu ne da ake ƙirgawa da shekaru, kuma wanda ya cika adadin ya cancanta, ko masu kallo sun san fuskarsa ko ba su sani ba. Jagoranci kuwa ana auna shi ne da abin da ya canza a hannun mutum: mutum nawa ya horar, wace matsala ya fitar da ƙungiya daga cikinta, kuma me zai ci gaba da tafiya idan ba ya nan. Idan kuka ware lambar yabo ga kowane ɓangare, shugaba zai sami tasa, dattijuwar da mai fitilu su sami tasu, ba tare da an ƙasƙantar da kowa ba.

Manyan ƙungiyoyin wannan fage sun daɗe da gane haka. A Birtaniya akwai NODA, uwar ƙungiyoyin 'yan wasan sa-kai da aka kafa a 1899, wadda take ba da lambar girmamawa ga wanda ya yi shekara 25 yana hidima, sannan ta riƙa ƙara masa alama duk bayan shekara biyar, da wata ta musamman idan ya kai 50. A Amurka kuma AACT, uwar ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na al'umma wadda aka kafa a 1986, tana da lamba mai sunan Robert E. Gard domin 'yan sa-kai da suka haura shekara 65 da haihuwa kuma suka yi fiye da shekara 25 suna aiki, tana da wata daban mai sunan Art Cole domin waɗanda suka ƙarar da rayuwarsu suna jagoranci. Ba sai kun ɗauki adadinsu ba, domin ƙungiyar da shekararta 30 kacal za ta iya farawa daga 10 ko 15. Abin koyi shi ne an rubuta sharaɗin tun kafin a ambaci sunan kowa.

A nan ne yawancin ƙungiyoyi suke tuntuɓe. Idan aka fara da zaɓen mutum sannan aka nemo dalili, duk wanda aka bari zai ga son kai aka yi, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Saboda haka ku zauna ku rubuta ƙa'ida a taƙaice, ku karanta ta a gaban babban taron mambobi. Ta fayyace wane aiki ake ƙirgawa, kuma a ganina ɗinki, da gina kayan dandamali, da tsaron ƙofa, da riƙe littafin kuɗi, da tuna wa ɗan wasa maganar da ya manta daga bayan labule, duk hidima ce daidai da fitowa a wasa. Ta kuma fayyace yadda za a yi da wanda ya ɗan dakata. Macen da ta yi shekara uku ba ta zuwa saboda raino, ko wanda rashin lafiya ta kwantar, bai kamata a share shekarunsu na baya ba; a tara abin da suka yi gaba ɗaya. Shugaban kuma kada ya zauna a kwamitin da zai yanke hukunci a kan lambarsa.

Kasancewar ke ce sakatariya, aikin da ya fi nauyi a kanki yake. Ki tattara tsofaffin takardun shirin wasa, da bayanan tarurruka, da hotuna, ki kuma zauna da dattawan ƙungiya ki rubuta abin da suka tuna, domin masu aikin bayan fage su ne sunayensu suka fi ɓacewa a rubuce. Daga nan ne za ki samo abin da za a karanta ranar biki. Jawabin da ya ce wance ta yi ƙoƙari matuƙa ba ya ratsa zuciyar kowa, amma wanda ya ambaci wasan da ta kwana tana ɗinka wa kaya, da yaran da ta koya wa riƙe almakashi, shi ne mai karɓar lambar zai so 'ya'yansa su ji. Yana da kyau kuma a tambayi mutum abin da yake so, saboda wasu sun zaɓi bayan labule ne don ba sa son a tsayar da su a gaban jama'a.

Batun sauke shugaba ta hanyar biki kuwa, ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Mutumin da ya shekara 30 yana karantar fuskokin 'yan wasa zai gane manufar tun kafin a gama tafi, kuma daga ranar lambar za ta zame masa takardar kora. Idan akwai buƙatar sauyi, kuma mai yiwuwa akwai, a tattauna da shi a keɓe cikin ladabi, a sa wa'adin shugabanci a tsarin mulkin ƙungiya, a kuma ba shi matsayin da ke da aiki na gaske, kamar horar da sababbin masu ba da umarni. A bar tazarar watanni tsakanin wannan magana da bikin.

Game da rana, za ku iya duba 27 ga Maris, Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya, wadda Cibiyar Wasan Kwaikwayo ta Ƙasa da Ƙasa ta ware a 1961 aka kuma fara bikinta a 1962. Idan kuka ɗaura karramawar a kan wannan rana duk shekara, waɗanda ba su kai adadin ba a baɗi za su san yaushe nasu zai zo.