Tambayi Likita: hazbiyar da taƙi tafiya, da gyambo akan tsohon tabon wuta

Wannan satin saƙonni uku na ɗauko, duk akan abubuwan dake fitowa a fuska da fatar kai da wuya. Masu tambayar basir ku yi min uzuri, naku na nan tafe.

Tambaya: Slm likita, dan Allah mamanmu ce ta kusa shekara 70, wani ɗan ƙullutu ya fito mata a fatar ido ta sama tun kafin azumi, kowa yace hazbiya ce, munsa man ido na kemis, an matse mata ya ɗan sauka kuma ya sake dawowa a wurin dai, yanzu har gashin idon wajen ya zube. Baya mata zafi ko kaɗan shiyasa ita ko a jikinta.
Daga wata baiwar Allah, Rigasa

Amsa: Wa alaikumussalam, Allah ya ba Hajiya lafiya. Hazbiya tana da zafi, tana ja, kuma sati ɗaya zuwa biyu ta fashe ta wuce abinta. Akwai wani ƙullutun mara zafi da toshewar ƙofar maiƙon ido ke kawowa, shi yakan ɗan jima kuma bashi da wata illa. Amma abu uku a saƙonki sun tsaya min: shekarunta, dawowar da yake a wuri guda, sai zubewar gashin ido. Akwai wani ciwon daji da ba kasafai ake ganinsa ba, yana tasowa daga ƙwayoyin dake samar da maiƙo a fata, yafi kama fatar ido ta sama saboda nan suka fi yawa, kuma ya shahara da ɓad da kama, har mu ma'aikatan asibiti yana ruɗarmu ayi ta masa maganin hazbiya wata da watanni.

Bance shi bane fa, ban ganta ba. Abinda nake so ki kaita asibitin ido na National Eye Centre dake wajen Mando a Kaduna, a daina matsewa, kuma in za'a cire ki buɗe baki ki roƙa a kai naman ɗakin gwaji a duba, kar a jefa a kwandon shara. Ki shafa gaban kunnenta da ƙasan haɓa ko akwai kaluluwa. In a danginku an taɓa samun masu dajin hanji ki faɗa ma likitan, don a wasu gidajen su biyun tare ake gadonsu.

Tunda kin ambaci rashin zafi bari in ƙara da wani, dajin wasu ƙwayoyin fata da ake kira Merkel. Shima ƙullutu ne mai santsi a fuska ko wuya, babu zafi, sai dai yana girma cikin makonni kaɗan. A 2008 masu bincike a Jami'ar Pittsburgh ta Amurka suka gano ƙwayar bairos dake bayan mafi yawansa. Yafi kama tsofaffin Turawa, a wurinmu kuwa masu raunin garkuwar jiki, kamar masu HIV ko waɗanda aka yi wa dashen ƙoda, su yafi kamata su sa ido.

Tambaya: Likita barka da aiki. Yayana wuta ta ƙona shi a kai tun muna yara, wurin ya warke ya bar tabo gashi baya fitowa. Yanzu ya haura 40 sai ga gyambo ya buɗe a tsakiyar tabon, yana wari yana jini kuma bakinsa ya tattaso, kawunmu yace daji ne kuma daji baya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙa shikenan, yanzu dai garin magani ake barbaɗa mai. Wlh hankalina bai kwanta ba.
Daga Tudun Wada

Amsa: Ɗan'uwa hankalinka yayi daidai da bai kwanta ba. Kawu zai iya yin gaskiya a rabin farko, a rabi na biyu kam ban yarda dashi ba ko kaɗan. Abinda ka kwatanta yayi kama da gyambon Marjolin, sunan wani likitan fiɗa ne ɗan Faransa da yayi rubutu akan irin wannan gyambon a 1828. Tabon ƙuna ko tsohon gyambo yakan zauna shiru shekara 20, 30 ko fi, sannan fatar wurin ta rikiɗe ta zama kansa. Su Turawa rana ce tafi jawo musu dajin fata, mu baƙar fata kuwa sau da yawa ta tsohon tabo yake shigo mana, kuma wannan ɗin yafi wanda rana ke kawowa saurin bazuwa. A kai abin yafi tada hankali, don tsakanin fatar da ƙashin ƙoƙon kai babu wani nama mai kauri, in aka barshi ƙashin zai ci.

Zancen ƙarfe kuma, ga inda yake samo asali: ana riƙe mara lafiya a gida sai ciwon ya gama bin jiki, sannan a kwaso shi asibiti, ayi aiki, ya rasu, sai ace ai wuƙar ce. Wuƙar bata yaɗa komai ba, zuwa ne akayi a makare. Ku je asibitin Barau Dikko ko asibitin sojoji na 44 ku nemi ganin likitan fiɗa, za'a yanki ɗan nama a gwada. In ya tabbata akan yanke gyambon har da lafiyayyar fatar gefensa, a ɗebo fata daga cinya a rufe wurin, in da buƙatar a gasa ciwon da na'ura (radiotherapy) a tura ku asibitin koyarwa na ABU dake Shika. Addu'a da rubutu ba wanda ya hana, amma a daina barbaɗa gari a ciki. In Kawu ne matsalar ku tafi dashi asibitin yaji da kunnensa, dattawa sunfi saukowa in ba'a tsallake su ba.

Tambaya: Dokta ni kurajen aski ne suka cika min ƙeya har sun haɗe sunyi tudu, na gani a TikTok wai kansa ce.
Daga Kawo

Amsa: Kwantar da hankalinka, wannan ba kansa bace, yawanci askin ƙwal da kilifa ne ke tada su a masu irin gashinmu. Ka daina sa a kankare ƙeyar, ka ga likitan fata akwai allura da man shafawa. Wanda nake so a kula dashi shine tudu guda ɗaya mai tauri, kamar tabon da ya kumbura alhali ba'a taɓa jin ciwo a wurin ba, yana ƙaruwa a hankali shekara da shekaru. Akwai dajin da ake kira DFSP mai wannan siffar, yafi fitowa a gangar jiki amma yana zuwa kai da wuya, ba kasafai yake bazuwa ba sai dai in ba'a yanke shi da faɗi ba dawowa yake.

Masu ƴaƴa zabiya kuma, su nasu haɗarin daga rana ne kai tsaye kuma tun suna samari yake farawa, a fuska da kunne da wuya. Malafa mai faɗi, riga mai dogon hannu, man kariya daga rana mai lamba 50, a rage aikensu da tsakar rana, kuma duk ɓawon da yaƙi warkewa bayan wata ɗaya a kawo shi a duba.