Tambaya da Amsa: Ƙaramar jakar goyo ta soja a daji

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena soja ne, ana yawan tura su sintiri arewacin Tawa, wajen Tassara da Tiliya. Ya ce babbar jakarsa a mota take zama, yana son ƙarama da zai goya in sun sauka a ƙasa na yini ɗaya ko biyu. Wace iri zan saya masa? (Wata mai karatu daga Tawa)

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya, Allah ya tsare mana shi. Ki nemi mai cin litir 20 zuwa 30, kada ta wuce haka. Jaka in ta yi girma sai an cika ta, kuma bayansa ne zai ji a jika.

Bari mu yi lissafi. Litir ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, mai tafiya da kaya na iya zubar da gumi litir guda cikin awa ɗaya, don haka litir 5 ko 6 ba su yi yawa ba: salkar roba mai tiyo ta litir 3 da gora biyu. Abincin yini kamar kilo ɗaya da rabi. Gidan harsashin kalashi cike ya kusa kai kilo, biyu na ƙari ke nan kusan kilo 2. Ki haɗa da batir, safa, fitila, ledar ruwan sama, gishirin ORS da nauyin jakar kanta, kin kai kilo 11. Shi kuwa ga rigar sulke da bindiga a jikinsa, waɗanda na iya kai kilo 12 zuwa 15. Ƙa'idar da sojojin Amurka ke koyarwa ita ce kayan fama kada su wuce kashi 30 cikin 100 na nauyin mutum, wato kusan kilo 20 ga mai kilo 65. Kin ga tuni ya zarce. Duk abin da ba magani ba kuma bai shiga wannan lissafi ba, a bar shi a mota.

A kasuwa kuma ki juya jakar ciki waje. Inda maɗaurin kafaɗa ya haɗu da jikinta nan take fara yagewa. Ɗinkin wurin ya zama murabba'i da gicciye a tsakiya, da zaren nailan, ba layi ɗaya ba. Yadin Cordura, wani irin nailan mai ƙarfi, mai lamba 500D ya isa. 1000D ya fi jure ƙaya amma ya fi nauyi. Maɗauran kafaɗa su zama sirara, don masu kaurin soso zamewa suke a kan sulke kuma suna hana gindin bindiga zama. A sami maɗaurin ƙirji, da na gefe masu matse kaya kada su riƙa kaɗawa in yana gudu.

Layukan ɗamara da za ki gani a bayanta tsarin MOLLE ne na maƙala aljihun ƙari, wanda sojojin Amurka suka fara amfani da shi a 1997. Faɗin ɗamara santimita 2.5, ɗinki kowane santimita 3.8. Ki tafi da awon tela, don na jabu ba sa kiyaye wannan, sai aljihun ƙari ya ƙi shiga. Shi ma aljihun saƙa shi ake yi, layi na jaka, layi na aljihu, har ƙasa. Wanda aka zura kai tsaye lilo yake har ya tsinke.

Ki faɗa masa abu ɗaya: maɗaurin tsayar da jini ba a jaka yake zama ba. A gaban riga ake sa shi, inda kowane hannu zai kai, don jaka ana iya yar da ita.

Tambaya: Ni soja ne a Yamai. In na daɗe da goyo sai hannuna ya mutu, yatsu na tsikari. Me ke kawo haka?

Amsa: Ɗan'uwa, maɗauri ne ke danne jijiyoyin da suka sauko daga wuya zuwa hannu, kusa da ƙashin wuya. Sassauta na kafaɗa, ka ɗaure na ƙirji don ya janye su daga hammata. Mai nauyi, wato ruwa da harsashi, ya jingina da gadon baya tsakanin kafaɗu. In yana can ƙasa ko nesa da baya, jakar na janka baya kana rusunawa. Duk hutu ka sauke ta. In hannun bai dawo daidai ba bayan ƴan awoyi, ko ka kasa ɗaga shi, je wajen likita, kada ka ce zai wuce.

Tambaya: Zif ɗin jakata yana ta ɓarewa, me zan yi?

Amsa: Rairayi ne ya ci kan zif ɗin, wato abin da ake ja. Goge haƙoran da tsohon buroshi, ka shafa kyandir, ban da mai, don mai ƙura yake tarawa. In har yanzu yana buɗewa a baya, matse kan a hankali da filaya, ko tela ya canja kan kawai ba zif ɗin duka ba.