Takardun jarrabawar waƙa da neman gurbin karatu

Ƴar'uwa daga Gombe, kin tambaya ko takardun ABRSM (hukumar jarrabawar waƙa ta Ingila) ko MUSON (ƙungiyar waƙa ta Nijeriya) za su sama miki gurbin karatun waƙa. Suna taimakawa, amma ba su ke yanke hukunci ba. Nan gida, ko Jami'ar Nsukka kika nufa, sai da JAMB da kiredit biyar. Makarantu da yawa kuma sai sun gwada muryarki: mai fiyano ya buga sauti, a ce ki maimaita, ko a miƙo miki rubutacciyar waƙa ki rera nan take. Wanda ya sha jarrabawar ABRSM ko MUSON ba ya daburcewa a wurin.

A Ingila, giredi (wato mataki) 6 zuwa 8 na ABRSM har maki suke ƙarawa a UCAS, hukumar neman gurbin jami'a ta can. Idan aljihu ba nauyi, fara biyan malamin murya tukuna.