Muryar amsa: yadda My Favorite Murder ya daɗe, da inda masoyansa suka ba shi wahala

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ƙanwata, na saurari tambayarki ta jiya, inda kika ce ya za a yi shirin da ake labarin kisan kai a cikinsa ana dariya ya shekara da shekaru bai mutu ba, kuma me ya sa masoyansa suke kamar 'yan ƙungiya. Muryar za ta ɗan yi tsawo, ki yi haƙuri.

Shirin My Favorite Murder dai fodkas ne na Amurka, wato shirin murya da ake saurara ta intanet, mata biyu ke yin sa daga Los Angeles, Karen Kilgariff da Georgia Hardstark. Sun fara a watan Janairun 2016, a falon gidan Georgia. Karen tsohuwar mai barkwanci ce, ta daɗe tana rubuta wa shirye-shiryen talabijin, ita kuwa Georgia daga shirin girki ta fito. Babu 'yar jarida a cikinsu, babu 'yar sanda, babu lauya. Ki riƙe wannan, don daga nan ƙarfin shirin ya fito, daga nan kuma matsalolinsa.

Tsarin bai cika canzawa ba. Ranar Alhamis babban kashi, awa ɗaya da rabi, wani sa'in ya doshi biyu. Farko hira ce kawai, ta kan ci minti 20 ko 30: abin da suka kalla, lafiyarsu, dabbobin gidansu. A nan ne kuma suke da wani gurbi na gyaran kura-kuran makon jiya. Sai kowacce ta kawo labari ɗaya, ɗayar ba ta san shi ba sai a lokacin. Wannan ɓoyewar ita ce injin shirin, domin firgitar da kike ji a muryar mai sauraro ta gaske ce, ba shiryawa aka yi ba. Ranar Litinin kuma ƙaramin kashi, kamar rabin awa, wasiƙun masu sauraro ake karantawa, kowa da abin da ya taɓa faruwa a garinsu.

To batun dariyar. Dokar da ba a rubuce take ba ita ce, ba a yi wa wanda aka kashe dariya. Ana yi wa mai laifin, da wautarsa da girman kansa. Ana yi wa jami'in da aka kawo wa ƙara ya yi watsi da ita. Suna kuma yi wa kansu, da tsoron da ke hana su barci. Ki ɗauki labarin Mary Vincent, wanda yana cikin waɗanda masoya suka fi tunawa. Yarinya ce 'yar shekara 15, a 1978 wani mutum ya ɗauke ta a mota a Kalifoniya, ya ci zarafinta, ya sare mata hannuwa biyu, ya jefa ta rami. Ta hauro, ta rayu, ta tsaya a kotu ta ba da shaida. Aka yanke masa shekara 14, ya yi 8 ya fito, a 1997 ya kashe wata mata a Fulorida. A irin wannan labari ba a wasa da abin da ya same ta ko kaɗan. Fushin da baƙar maganar kan hukuncin suke sauka. Duk ranar da wannan iyaka ta goce, ko da da jimla ɗaya ce, wasiƙun ƙorafi ke biyo baya, kuma ta sha gocewa a shekarun farko.

Abin da ya fi lalacewa a farko shi ne bincike. Daga Wikipedia da shirye-shiryen talabijin suke kwaso labari, sai a samu shekara ta kauce, ko sunan gari, ko a faɗi zato kamar tabbas. Dabararsu ita ce ba su ɓoye ba, sun mayar da gyara wani sashe na shirin. Har kalmomin da suke kiran mata masu zaman kansu da masu taɓin hankali sun sauya, saboda masu sauraro sun yi magana. Daga baya suka ɗauki masu bincike, suka koma ambaton inda suka samo labari. A ganina wannan ya makara, domin aikin 'yan jaridar da suka yi shekaru suna bin shari'a ne ake ci, kuma haƙƙinsu ne a kira sunansu tun ranar farko.

Yanzu masoya. Murderino suke kiran kansu, akasarinsu mata. Abin da ya haɗa su ba son jini ba ne. Matan nan biyu suna magana a fili kan fargaba, da shaye-shayen da suka bari, da zuwa wurin likitan ƙwaƙwalwa, a lokacin da mutane ke jin kunyar faɗa. Sannan akwai saƙon da suke maimaitawa: kada kunya ko kara ta sa ki tsaya da mutumin da zuciyarki ba ta kwanta da shi ba, ki tafi, kya ba da haƙuri daga baya. Mata da yawa sun ji wannan a jikinsu. Aka buɗe ƙananan rukunoni gari-gari da sana'a-sana'a, ana haɗuwa, ana tara kuɗi don a gwada samfuran shaidar fyade da suka yi shekaru a ajiye ba a taɓa ba.

Amma taron da ya girma ba makiyayi, ɓarna yake yi. Babban rukuninsu na Facebook ya haura mutum dubu 200, masu kula da shi 'yan sa-kai ne, ba albashi, ba horo. A 2018 rikici kan wariyar launin fata ya tashi, a daidai lokacin da ake sukar wata rigar da suka sayar mai hoton tantin 'yan asalin Amurka, ƙarshe dai aka rufe rukunin. Dalilin a bayyane yake: sunan shirin ne a kai, amma masu shirin ba sa ganin abin da ake rubutawa. Akwai kuma sukar da ta fi wannan nauyi, cewa labaran sun fi karkata ga fararen mata, alhali baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar da suka ɓace ba a cika jin su ba, kuma ana yawan ɗaukar maganar 'yan sanda yadda ta zo. Bayan kisan George Floyd, baƙar fatar da ɗan sanda ya kashe a 2020, wannan suka ta ƙara ƙarfi, kuma tana da gaskiya.

Wani abu da nake so ki lura da shi, masu sauraro kan ɗauka su ma masu bincike ne. Da aka kama Joseph DeAngelo a Afrilun 2018, tsohon ɗan sandan da daga baya ya amsa kisan mutum 13, murna ta cika ko'ina kamar su suka kamo shi. Ba su ba ne. Jami'ai ne suka ɗora bayanan ƙwayar halittarsa a rumbun binciken dangi, suka bi zuriya har suka iso kansa. In taron intanet ya shiga farauta da kansa, marar laifi yake kamawa, kamar yadda aka yi a dandalin intanet na Reddit bayan harin bam na Boston na 2013, aka ɗora wa wani ɗalibi laifin da bai san da shi ba, danginsa suka sha azaba.

Kuɗi kuwa ta hanya huɗu suke shigowa: talla a cikin shiri, tikitin wasa a gaban jama'a, kayan sayarwa, da kuɗin rajistar masoya. A 2018 suka kafa kamfaninsu, Exactly Right, a 2019 suka fitar da littafi, a 2022 Amazon ta ƙulla yarjejeniya da su. Da girma ya zo, tsoffin masoya suka fara cewa shirin ya yi santsi da yawa, ɗanɗanon falon nan ya tafi. Da ɗan gaskiya, sai dai kura-kuran ma sun ragu.

In za ki fara, kada ki faɗa kan kashi na ɗaya kai tsaye, sautin ba kyau, maganganun ma wasu sun tsufa. Ki nemi jerin da suke kira Rewind, inda suke komawa tsoffin kashi suna faɗin abin da ya sauya a shari'ar da abin da ba za su sake faɗa ba yau. Kuma ki sa abin kunne, akwai ashar sosai da bayanin da bai dace yara su ji ba. Sai anjima.