Madaba'a Ta Ɓata Min Launi, Tana Neman Cikon Kuɗi

Tambaya: Barka da aiki, Lauya. Na ba wata madaba'a aikin buga kundin tallan kamfaninmu guda 5,000, na biya rabin kuɗi. Da aka kawo, shuɗin tambarinmu ya koma shunayya, takardar ba ta kai kaurin wadda muka yi magana a kai ba, ga makarar kwana 9. Sun ce haka bugu ya gada, in cika musu kuɗinsu. Ina mafita?

Amsa: Malam, abu na farko, kada ka raba ko kwafi ɗaya. A ƙasashen da suka gaji dokar cinikin kaya ta Ingila ta 1893, mai saye da ya soma amfani da kaya a matsayin nasa, ko ya ajiye su ya yi shiru har lokaci ya ja, ana ɗauka ya karɓa. Daga nan damar mayar da kaya ta kuɓuce, sai dai neman diyya. Don haka yau ɗin nan ka rubuta musu cewa ba ka karɓi aikin ba, ka faɗi dalilai, ka ce su zo su duba. Kiran waya ba ya barin shaida.

Batun launi kuwa ya rataya ne a kan abu guda: me ka amince da shi kafin a kunna inji? Allon waya da na kwamfuta da haske suke haɗa launi, tsarin da ake kira RGB. Injin bugu kuma da tawada huɗu yake aiki, wato CMYK, kuma akwai shuɗi mai ƙyalli da allo ke nunawa wanda tawadar nan ba ta iya fitarwa. Wajen sauya fayil daga RGB zuwa CMYK, jan tawada kan yi yawa a cikin shuɗin, sai ya karkata zuwa shunayya. Idan kai ka aika fayil ɗin RGB, ka kalli samfuri a waya ka ce "a buga", hujjarka ta yi rauni ƙwarai. Amma idan ka ba su lambar Pantone ta tambarin (lambar da ke tantance ainihin launi) a rubuce, ko ka sa hannu a kan samfurin gwaji da aka buga a takarda, to wannan ne ma'auni, kuma "haka bugu ya gada" ba zai fisshe su ba.

Kada ka dogara da ido kaɗai. Ka zaro kwafi kamar 20 daga kwalaye daban-daban, sama da tsakiya da ƙasa, ka kai wa wata madaba'ar da ba ruwanta da rigimar ta auna da na'urar auna launi, ta ba ka sakamako a rubuce. Ana kiran tazarar launi Delta E, kuma ƙa'idar bugu ta ƙasa da ƙasa mai suna ISO 12647-2 ta yarda da tazarar da ba ta wuce 5 ba a tawadar nan huɗu. Kwatanta samfuri da bugu kuma a ƙarƙashin fitila mai hasken 5,000 Kelvin (ma'aunin launin haske) ake yi, domin fitilar ofis kan canza kamannin launi. Hoton waya ba ya tsinana komai a nan.

Takarda ta fi sauƙin tabbatarwa, kuma ina ganin nan ne ƙarfinka yake. Ana auna nauyin takarda da giram a kowane murabba'in mita, kuma falle 16 na A4 sun yi murabba'in mita ɗaya. Ka ɗora su a kan ƙaramin sikeli: idan an rubuta giram 150 a takardar farashi amma ka ga 115, ba abin da ka saya aka kawo maka ba. Wannan saɓa wa bayanin kaya ne, kuma shi kaɗai yana iya ba ka damar ƙin karɓa.

Makara sai ta zama babban laifi idan an rubuta ranar kawowa kuma sun san muhimmancinta. Tun shari'ar Hadley da Baxendale da aka yi a Ingila a 1854, ƙa'idar ita ce ana biyan asarar da ta biyo baya bisa al'ada, ko wadda ɓangarorin biyu suka san za ta iya faruwa lokacin ƙulla ciniki. Idan ka gaya musu kundin na wani baje koli ne mai tsayayyar rana, kana da abin faɗa. In ba ka faɗa ba, da wuya ka sami ribar da ka rasa.

Ka juya bayan takardar farashin ka karanta ƙananan rubutun. Madaba'u kan sa wa'adin kai ƙorafi na 'yan kwanaki, su taƙaita diyya zuwa kuɗin aikin, su kuma ba kansu damar ƙari ko ragi kaɗan a adadi. Sharuɗɗan suna ɗaure ka idan an nuna maka su kafin ka amince. Wanda ya fara bayyana a rasit bayan an gama magana, yawanci ba ya shiga yarjejeniya.

Kana iya neman su sake bugawa a kan kuɗinsu, ko ka karɓi kayan da ragin farashi, ko ka mayar ka nemi abin da ka biya, har da bambancin kuɗi idan ka buga a wani wuri ya fi tsada. Riƙe cikon kuɗi halas ne muddin ka ƙi karɓar kayan bisa hujja, amma ka rubuta cewa saboda haka ka riƙe, don kada su riga ka zuwa kotu da sunan bashi. Shawarata ka fara da neman sake bugu, da wasiƙa mai wa'adin kwana 14, ka haɗa da sakamakon awo. Idan suka ƙi, sai sulhu ko kotun ƙananan ƙararraki inda ake da ita. Idan suka yarda, ka sa hannu a kan sabon samfuri na takarda mai kwanan wata, kowa ya riƙe kwafi, ka kuma je ka ga fallen farko a bakin inji kafin su saki sauran.